Yadda 'Yan Unguwa Za Su Tsaya Wa Masu Kwana a Titi a Birnin Kano

Wanda ya san Kano da rana kaɗai, rabinta ya sani. Idan 'yan Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari suka rufe rumfuna, masallatai suka saka kwaɗo bayan isha, wasu mutanen daban ne ke fitowa su shimfiɗa kwali a bakin shaguna, a ƙarƙashin gadoji, a bencinan tashar Unguwa Uku, a barandar asibitoci. Kafin kiran assalatu sun naɗe shimfiɗa sun shige cikin jama'a, kuma da safe ba za ka bambanta su da kowa ba. Wani shi ne zai ɗaukar maka kaya a baro, wani shi zai sayar maka da ruwa.

Iyayenmu sun san maganin wannan. Kowane gida mai rufin asiri yana da zaure, baƙo kuma ba ya rasa inda zai sa haƙarƙarinsa da ƙwaryar tuwon dare. Yau an fasa zauruka an yi shaguna, an ja katanga an sa get, tsoron ɓarayi ya sa an kulle masallatai. Baƙin ba su daina zuwa ba, masaukin ne ya tafi. Wannan jagora na 'yan unguwa ne da ke son su yi abin da ya wuce miƙa sadaka: su san mutanen nan da sunansu, su tsaya musu a gaban hukuma, su kuma taimaka a ji muryarsu.

Mataki na farko: ku je hannu biyu, ku zauna

Kada ku fara da rabon abinci. Na san wannan zai yi wa wasu nauyi, domin zuciya tana so ta ba da wani abu nan take. Amma ranar da kuka fara zuwa da leda, kun zama masu rabo ke nan, kuma daga ranar ba za a ƙara gaya muku komai ba sai abin da ake jin zai kawo wata ledar.

Ku haɗu mutum huɗu ko biyar, kada ku wuce haka a farko, kuma lallai a sami mace babba a cikinku. Ku zaɓi wuri ɗaya tak, wanda kuke iya zuwa a ƙafa: tasha ɗaya, gada ɗaya, ko layin kasuwa ɗaya. Kano tana da ƙananan hukumomi 44, takwas daga ciki su ne ƙwaryar birni da kewaye, kuma mai cewa zai rungume su duka ba zai riƙe ko ɗaya ba.

Ƙofar shiga ita ce teburin mai shayi. Shi da mai gadin kasuwa da ɗan kamashon tasha sun san wanda ke kwana a ina, wanda ya zo makon jiya, wanda tari ya hana barci, wanda ya ɓace. Ku sayi shayi, ku gaisa, ku faɗi sunayenku da unguwarku da gidan da kuka fito. Ku koma gobe, ku koma jibi. Sai mai shayin ya yarda da ku sannan zai ce, "Ga Baba can, ku je ku gaisa."

Idan kun je, ku yi sallama kamar za ku shiga ɗakin mutum, domin ɗakinsa ne. Kada ku haska masa fitila a fuska, kada ku tashi wanda ya yi barci, kada ku tsaya a kansa. Ku durƙusa. Dattijo "Baba" ne, tsohuwa "Iya" ce, sa'anku "Malam" ne ko "ɗan'uwa". Tambayar "me ya kawo ka nan?" tana kama da tuhuma, ku bar ta sai shi ya kawo zancen da kansa. Ku tambayi abin da yake da amsa a kusa: "Baba, a ina kuke samun ruwan alwala? Idan ruwan sama ya sauko ina kuke fakewa? Akwai masu zuwa su tashe ku da dare?" Daga irin waɗannan tambayoyin ne za ku ji ainihin abin da ke cin mutane, kuma sau da yawa ba yunwa ce kan gaba ba. Kano gari ne na sadaka, abinci yakan samu. Abin da ba ya samuwa shi ne inda za a ajiye kaya ba a sace ba, inda za a yi wanka da bahaya ba tare da biyan kuɗi kullum ba, da barcin da ba a katse shi da sanda.

Ku ba wannan mataki wata guda cur. Duk abin da zai biyo baya a kansa yake zaune.

Ba duka ɗaya ba ne

Cikin watan nan za ku gane cewa kalmar "mabarata" da ake yi musu jam'u da ita ba ta dace da yawancinsu ba. Akwai 'yan ci-rani da ke zuwa bayan kaka su yi dako ko ga-ruwa ko gwangwan, suna kwana a waje don kuɗin ɗaki ya isa gida. Waɗannan suna da inda za su koma idan damina ta faɗi. Akwai waɗanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato, da waɗanda rikicin Boko Haram ya kora daga Borno da Yobe. Su kam ba su da ranar komawa. Akwai masu jinya da suka kawo majinyaci daga nesa kuɗinsu ya ƙare. Akwai matan da aka saka ba inda za su nufa, wasu da goyo. Akwai gajiyayyu da musakai, da masu taɓin hankali, da samarin da shaye-shaye ya raba da gida, da yaran da suka gudu daga wajen malaminsu ko kishiyar uwa, waɗanda a ido suna kama da almajirai alhali ba su da makaranta ko malami.

Ɗan ci-rani akwatin ajiya da gidan wanka yake buƙata. Ɗan gudun hijira takarda da sana'a yake buƙata. Mai taɓin hankali likita yake buƙata. Wanda ya haɗa su a buhu ɗaya zai je wa hukuma da koken da bai dace da kowa ba.

Littafi

Ku sayi littafi mai kauri, a ba mutum ɗaya amanarsa. A rubuta sunan wanda ya yarda kaɗai, da garinsu, da inda yake kwana, da lambar wani nasa idan yana da ita, da ciwon da ke damunsa. Ku gaya masa dalili a fili: "Idan an kama ka ko ka kwanta ciwo, mu san wanda za mu nema." Wanda ya ce a'a, a bar shi, kuma kada hakan ya rage masa komai.

Littafin nan ba ya zuwa hannun kowa, ko jami'i ko ɗan siyasa ko mai ba da tallafi. Abin da za ku fitar waje adadi ne: mutum kaza ke kwana a nan, mata kaza, yara kaza. Ku riƙa ƙirgawa dare ɗaya a kowane wata, a lokaci guda, domin a ga bambancin rani da damina. Adadin da kuka ƙirga da ƙafarku ya fi duk wani kiyasi nauyi a gaban kansila.

Batun hoto kuwa, ra'ayina mai tsauri ne. Kada ku ɗauki fuskar mutum yana karɓar abinci ku sa a Facebook. Mutumin nan yana da 'ya'ya a ƙauye da suke jin babansu yana kasuwanci a Kano. Idan masu ba ku gudummawa suna son shaida, ku nuna musu rasit da lissafi.

Ku gaida masu gari

Kafin ku yi wani abu da za a gani, ku je wajen mai unguwa, daga nan dagaci, da limamin masallacin da ke kusa, da shugaban kasuwa ko na tasha, da shugaban 'yan sintiri. Ku je da dattijo a gaba. "Allah ya taimaki mai unguwa, 'ya'yanka ne muka zo da wata magana a kan bayin Allah da ke kwana a bakin kasuwa, muna neman ka sa mana albarka ka kuma ba mu shawara." Ku saurari ƙorafinsu har ƙarshe, domin za su yi: ana bahaya a kwata, ana sata, ana shaye-shaye. Wani ɓangare gaskiya ne, musantawa kuma zai sa a ɗauke ku marasa kan gado. Ku nuna musu cewa banɗaki da fitila da sanin sunan kowa su ne maganin abin da suke kuka da shi.

Liman yana da muhimmanci na daban. Ya san labarin Ahlus Suffa, talakawan sahabbai da ke kwana a rumfar masallacin Madina, ya kuma san cewa matafiyin da guzuri ya yanke masa yana cikin mutum takwas da ake ba zakka. Huɗuba ɗaya daga bakinsa tana iya buɗe barandar masallaci a daren sanyi.

Abin da za ku iya yi da hannunku

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. A hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, bargo da rigar sanyi da man shafawa. A damina, leda mai kauri da gidan sauro. Ku yi ciniki da mai gidan wanka na kusa a biya shi a wata. Ku nemi wani mai shago ya ba da lungu a sa akwatunan ƙarfe masu kwaɗo. Ku raka waɗanda ba su da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN su yi rajista, domin in babu ita ba a samun layin waya ko asusun banki, kuma yawancin tallafin gwamnati ta kanta ake bi.

Kuɗi kuwa, ma'aji daban, mai rubutu daban, a karanta lissafi a gaban kowa duk wata. Kada ku yi gaggawar rajistar ƙungiya da buga kati da riguna. Sai aiki ya yi shekara sannan za ku san ko kuna buƙatar rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. A shekarar zaɓe kuma ku yi hattara da buhun shinkafa mai hoton mutum a jiki.

Ranar samame

A nan ne ake gane bambancin mai sadaka da mai tsaya wa mutum. Kano ta yi dokar hana bara a titi a 2013, gwamnati ta sake jaddada haramcin a Fabrairun 2020, a watannin annobar korona na shekarar kuma jihohin Arewa suka riƙa kwasar almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu. Duk lokacin da aka tashi irin wannan aiki, motar ba ta tambayar wane ne ke bara wane ne ɗan dako da ya gaji ya kwanta. Don haka ku san doka kafin ranar ta zo.

Kundin Tsarin Mulki na 1999, sashe na 34, ya haramta wulaƙanta ɗan Adam da azabtar da shi. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a gaya masa dalili, a kuma kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, wanda a cikin birnin Kano kullum akwai. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin yawo da zama a duk inda ya so a ƙasar, don haka Bazamfare da ke kwana a Fagge ba baƙon haure ba ne. Wata dokar tarayya ta 1989 ta soke tuhumar mutum da laifin gararamba kawai, ko da yake har yanzu Pinal Kod, kundin hukunta laifuffuka na Arewa, yana ɗauke da sassan da ke magana a kan marasa aikin yi da 'yan yawon banza, kuma da su ake fakewa. A ranar 4 ga Disamba 2020 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ta ba da ra'ayin cewa irin waɗannan dokoki, da ke hukunta mutum don talaucinsa, sun saɓa wa yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam. Akwai kuma sashe na 16 da ya ɗora wa gwamnati nufin samar wa kowa matsuguni. Ba a iya kai ƙara kotu a kansa kai tsaye, amma ana iya karanta shi a gaban duk wanda ya rantse da kundin.

Ku rubuta waɗannan a takarda ɗaya da Hausa, kowa ya riƙe kwafi. Ku nemi lauya tun kafin a buƙace shi: Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya tana da ofis a Kano, haka Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ga kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ga abin da ya shafi mata da yara. Ku je ku gabatar da kanku rana tsaka lokacin da babu matsala, ku karɓi lamba.

Idan mai shayi ya kira ku ya ce an zo, mutum biyu su tafi, kada mutum ɗaya. Kada ku tare mota, kada ku ɗaga murya, kada ku ja rigar kowa. Ku yi sallama ku tambaya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, daga wane ofis? Ina za a kai su, domin mu sanar da 'yan'uwansu?" Ku rubuta lokaci, da lambar mota, da adadin mutanen da aka ɗauka. Ku tattara kayan da aka bari, domin a ƙullin tsumman nan ne kuɗin wata uku na ɗan dako yake, da maganinsa, da katinsa. Da gari ya waye ku ɗauki littafinku ku je caji ofis ko ofishin Hisba ko duk inda aka ce, da lauya idan ya samu, ku ambaci mutane da sunansu ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da aka zo nema da suna ba a yi masa abin da ake yi wa wanda ba a san da shi ba. Beli kyauta ne a doka. Idan an nemi kuɗi, ku tambayi rasit, ku rubuta.

Kada kuma ku ɗauki jami'an a matsayin abokan gaba. Da yawansu umarni aka ba su, kuma su ma ba su san inda za su kai tsohon da ba ya iya tafiya ba. Jami'in da ya san akwai 'yan unguwa masu amana yakan kira su da kansa.

Ciwo, da mata, da yara

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Abin da ke hana a duba mai kwana a titi yawanci shi ne rashin wanda zai tsaya a ce nasa ne. Ku zama nasa: ku yanki kati, ku zauna, ku nemi ofishin jin daɗin jama'a na asibitin. Tarin da ya wuce mako biyu a je a gwada, gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Mai taɓin hankali ba a ɗaure shi, ba a yi masa wankan dole, ba a kai shi gidan mari. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tabbatar masa da haƙƙin mutunci da magani. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau, akwai sashen a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Wahalar ba ta kai shi ba ce, ta bayan sallama ce: wa zai tabbatar ya sha magani, ya koma ganin likita? Idan ba ku da amsar wannan, ku fara neman danginsa tukuna.

Mace ce ke magana da mace, kullum. Yaro kuma kada wani a cikinku ya kai shi gidansa, kome kyawun niyya. A sanar da mai unguwa, a bi ta ma'aikatar mata ta jiha, wadda ke da alhakin yara a ƙarƙashin dokar kare yara da Kano ta sa wa hannu a 2023. Kuma kafin a mayar da yaro inda ya gudo, a ji daga bakinsa abin da ya kore shi.

Koke ɗaya, a bakin masu shi

Bayan wata shida kuna da adadi, kuna da labari, kuna da amincewar unguwa. Yanzu ku tara mutanen da kansu, a wurinsu, a lokacin da ya yi musu, ku tambaye su: cikin duk matsalolin nan wacce za a fara kaiwa? Su zaɓi ɗaya, ƙarama, wadda mutum ɗaya zai iya sa hannu a yi. A gyara banɗakin tasha a bar shi a buɗe da dare. A ba da wani ɗakin ƙaramar hukuma da ba a amfani da shi ya zama makwanci a hunturu. A daina ƙona kayan mutane idan an zo tashi. "A kawo ƙarshen talauci" ba koke ba ne, domin ba wanda za a kama da alhakinsa.

A rubuta shafi ɗaya, a kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar jiha na mazaɓar, a ba hakimi kwafi, a sa a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a naku kwafin. Idan abin na kuɗi ne, a kai shi kafin gwamna ya gabatar da kasafi a ƙarshen shekara, a kuma halarci zaman jin ra'ayin jama'a. Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha ma ƙofa ce, haka attajiran kasuwar da za su iya yin waƙafin ɗaki. A wajen ganawa, mutum biyu daga cikin masu kwana a wurin su zauna a kujerar gaba su yi magana da bakinsu, ku biya musu kuɗin yinin da suka rasa. Ku naku shi ne riƙe takarda.

Idan an yi wata guda shiru, ku koma. Idan an yi biyu, ku tafi rediyo. A Kano ba abin da ke tayar da ofis kamar a ji sunansa a shiri irin Inda Ranka na Freedom Radio. Ku faɗi abin da kuka ƙirga, da ranar da kuka kai takarda, da abin da kuke nema, ba zagi ba ƙari. Idan an yi aikin, ku koma gidan rediyon ku yi godiya da sunan wanda ya yi, domin za ku sake buƙatarsa.

Komawa gida, ko samun ɗaki

Wasu za su ce a taimaka musu su koma garinsu. Kada ku miƙa kuɗin mota ku juya. Ku kira wani nasa a can, ko mai garin, ku tabbatar akwai mai tarbarsa kuma hanyar da ƙauyen suna da lafiya. Ku raka shi tasha, ku biya direba hannu da hannu, ku kira bayan mako guda. Wanda ya ce ba zai koma ba, yana da dalilinsa, ko ya faɗa ko bai faɗa ba.

Ga masu zama, abin da ƙasar Finlan ta gwada tun 2008 yana da amfani a sani: a fara ba mutum ɗaki ba tare da sharaɗin sai ya daina shaye-shaye ko ya sami aiki ba, sauran gyaran ya biyo baya, kuma adadin masu daɗewa a titi ya ragu ƙwarai a can. Ba mu da kuɗinsu, amma muna da abin da ya yi kama. Abin da ke hana ɗan dako ɗaki shi ne kuɗin shekara da ake nema a dunƙule da kuma wanda zai tsaya masa wajen mai gida. Mutum huɗu da suka san juna za su iya haɗa ɗaki ɗaya a Kurna ko Rijiyar Lemo ko Brigade. Ƙungiya ta biya shekarar farko a matsayin rance, ɗaya daga cikinku ya tsaya musu, su kuma su riƙa zubi kullum wajen ma'aji kamar adashe, yadda kafin shekara ta zagayo kuɗin ta biyu ya taru. Ku bar su su zaɓi abokan zamansu da kansu, kuma ɗakin ya kasance inda za su iya isa kasuwa a ƙafa kafin motocin kaya su fara saukewa da asuba.